Haƙƙin Jama'a na Duba Takardun Hukuma: Misalin Binciken Caca a Biritaniya

1.0 Gabatarwa



Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyanawa shi ne yadda talaka, ko manazarci, ko ɗan jarida, yake iya neman hukuma ta nuna masa takardun da take riƙe da su dangane da binciken da aka yi a kan caca, da kuma inda wannan haƙƙi nasa yake tsayawa. Hukuncin caca sananne ne ga kowa a wannan zaure, ba kuwa shi ya kawo mu ba. Maganarmu a kan ilmi ce: idan hukuma ta fito ta ce mutum kaza cikin ɗari caca ta yi wa illa, ta wace hanya wanda ba ma'aikacinta ba zai tabbatar da wannan adadi?

Na ɗauki Hukumar Kula da Caca ta Biritaniya don ta zama misali, saboda a can ne aka sami abubuwa biyu a haɗe, watau tsohuwar al'adar ƙididdige masu caca, da kuma doka mai ƙarfi wadda ta ba jama'a damar tambayar hukumomi. Abin da zan nuna shi ne, dokar tana kai hannu ga takardar da ke cikin aljihun hukuma kaɗai, alhali kuwa takardun da suka fi muhimmanci ga mai son auna bincike sau da yawa suna hannun wasu, ko kuma sun faɗa cikin abin da dokar ta togace.

2.0 Hukumar da Aikinta

An kafa wannan hukuma bisa Dokar Caca ta 2005, ta gaji wata tsohuwar hukuma da aka kafa bisa dokar 1968, ta kuma karɓi cikakken ikonta ran 1 ga Satumba, 2007. Ofishinta yana birnin Birmingham, ikonta kuwa ya haɗa Ingila da Sukotlan da Wales. Dokar ta ɗora mata manufofi uku: hana caca zama kafar aikata laifi, tabbatar da cewa ana yin ta a fili ba da maguɗi ba, da kare yara da masu rauni daga cutarwarta. Bayan ba da lasin da ladabtar da kamfanoni, sashe na 26 na dokar ya wajabta mata ba Gwamnati shawara a kan yawan cacar da ake yi, da yadda ake yin ta, da illolinta. Daga wannan sashe ne aikin bincike ya shigo hannunta.

A nan akwai abin lura. Hukuma guda ita ce mai ba da lasin, ita ce mai ƙididdige ɓarnar da masu lasin suka jawo, ita ce kuma mai gaya wa Gwamnati abin da ƙididdigar take nufi. Harkar da take kula da ita kuwa ba ƙarama ba ce, gama abin da ya rage wa kamfanonin caca bayan sun biya waɗanda suka ci ya haura fam biliyan 15 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024. Duk adadin da ya fito daga irin wannan hukuma, akwai masu son ya yi sama, akwai masu son ya yi ƙasa.

3.0 Adadi Guda, Fuska Biyu

Don a fahimci dalilin da ya sa mutane ke neman takardun hukumar, sai mu dubi tarihin adadin da ake jayayya a kansa.

An yi manyan bincike uku na ƙasa baki ɗaya a 1999 da 2007 da 2010, cibiyar bincike ta NatCen ce ta gudanar da su. Bisa ma'aunin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, an sami masu matsalar caca kashi 0.6 cikin ɗari a biyun farko, kashi 0.9 a na ukun. Daga 2012 sai aka daina yin bincike na musamman, aka riƙa cusa tambayoyin caca cikin binciken lafiyar jama'a, inda ma'aikaci yake zuwa gida-gida. Wannan ya ba da kashi 0.5 a Ingila a 2018. Watau shekara ashirin adadin bai taɓa kaiwa ɗaya cikin ɗari ba, kuma a kansa kamfanoni suka riƙa dogara suna cewa masu cutuwa 'yan ƙalilan ne.

A watan Yuli na 2024 hukumar ta fitar da rahoton farko na wani sabon bincike nata, wanda NatCen da Jami'ar Glasgow suka yi mata. An tambayi mutum 9,804, aka sami kashi 2.5 cikin ɗari. Rahoto na biyu, wanda ya fito a watan Oktoba na 2025, ya ba da kashi 2.7. Ma'aunin da aka yi amfani da shi, mai suna PGSI, an tsara shi ne a Kanada a 2001. Tambayoyi tara ne, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, wanda ya sami maki 8 ko fiye cikin 27 shi ake lissafawa mai matsala. To, shin masu matsalar ne suka ninka har sau biyar cikin 'yan shekaru, ko kuwa mudun awon ne aka sake?

Mudun kam an sake shi. A sabon tsarin wasiƙa ake aika wa gidaje, a roƙi mutanen gidan su amsa tambayoyi ta intanet ko a takarda, ba wani ma'aikaci da ke zuwa. Masana sun kawo bayani iri biyu masu karo da juna. Wasu suka ce mutum ya fi faɗin gaskiya a kan abin kunya idan ba baƙo a ɗakinsa, saboda haka tsohon adadin ne ya gaza. Wasu kuwa suka ce mafi yawan gidajen da aka aika wa wasiƙar ba su amsa ba, kuma wanda caca ta dama shi ya fi saurin amsa wasiƙar da ta ambaci caca, saboda haka sabon adadin ne ya zarce. Farfesa Patrick Sturgis na Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wanda hukumar ta sa ya duba tsarin, ya yaba da aikin a rahotonsa na Fabrairu 2024, amma ya yi kashedin cewa akwai yiwuwar sabon tsarin ya kumbura adadin. Ita kanta hukumar, sa'ad da ta fitar da rahoton 2024, ta gargaɗi jama'a kada su kwatanta sabon adadin da na da.

Wannan jayayya ba ta malaman lissafi kaɗai ba ce. A kan irin waɗannan alƙaluma ake gina doka. A watan Afrilu na 2019 an rage mafi yawan abin da mutum zai iya zubawa a zagaye guda na injinan cacar da ke shagunan fare daga fam 100 zuwa fam 2. A 2025 an ƙayyade fam 5 ga irin cacar injin da ake yi ta intanet, fam 2 ga masu shekara 18 zuwa 24. Idan adadin ya gaza gaskiya, an bar iyalai cikin bashi ba magani. Idan ya zarce, an ƙuntata wa mutane bisa hujjar da ba ta tsaya ba, kuma ran da aka gano haka sai jama'a su daina yarda da hukumar ko da ta faɗi gaskiya. Mai son raba gardamar kuwa rahoton da aka buga ba zai ishe shi ba. Yana bukatar ya ga lafazin wasiƙar gayyata, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa, da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi kafin a tsai da tsarin, da wasiƙun da suka gudana tsakanin hukumar da masu yi mata aikin. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

4.0 Abin da Dokar ta Bayar

Ƙasar Suwidin ce ta fara kafa irin wannan doka tun 1766, Amurka ta yi tata a 1966. Biritaniya, wadda ta shahara da ɓoye sirrin mulki, sai a 2000 ta zartar da Dokar 'Yancin Samun Bayani, ba ta kuma fara aiki sosai ba sai ran 1 ga Janairu, 2005. Firayim Minista Tony Blair, wanda gwamnatinsa ta kawo ta, daga baya ya nuna nadamar yin haka a littafin tarihinsa na 2010. A ganina wannan nadama shaida ce cewa dokar tana da haƙora.

Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Kowane mutum, ko ba ɗan ƙasar ba ne, ko a Kano yake zaune, yana iya rubuta wa hukuma, ya sa sunansa da inda za a aiko masa da amsa, ya bayyana abin da yake nema. Ba a tambayarsa dalili. Wajibi ne hukumar ta gaya masa ko tana da abin, ta kuma ba shi cikin kwana 20 na aiki. In ta hana, sai ta faɗi sashen dokar da ta dogara a kai. Mai nema yana iya cewa ta sake dubawa, in bai gamsu ba ya kai kuka ga Kwamishinan Bayanai, daga nan kuma sai kotu ta musamman. Laifi ne ma'aikaci ya ɓoye ko ya lalata takarda bayan an nema don kada a gan ta. Hukumar Kula da Caca tana buga amsoshin da ta bayar a shafinta na intanet, akwai kuma dandalin WhatDoTheyKnow, wanda aka buɗe a 2008, inda tambaya da amsa suke zama a fili kowa ya karanta.

Sai dai akwai iyakoki biyu tun kafin a zo ga togaciya. Na farko, abin da aka riga aka rubuta aka ajiye shi ake bayarwa. Hukuma ba ta da nauyin ƙirƙiro sabon lissafi ko bayyana ra'ayinta, abin da aka tattauna da baki kuwa ba a rubuta ba ya wuce ke nan. Na biyu, in aikin nemo takardun zai ci fiye da fam 450, watau awa 18 a kan fam 25 kowace awa, hukuma irin wannan tana da damar ƙi. Saboda haka wanda ya rubuta ya ce a ba shi duk abin da ya shafi binciken caca, ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa. Gwanin tambaya shi ne mai ambaton takarda guda, da wata guda, da ofis guda.

5.0 Togaciya

Dokar ta jera dalilan hanawa fiye da ashirin, amma kaɗan daga ciki ne suka fi shafar takardun bincike.

Sashe na 22 ya ba hukuma damar riƙe abin da take da niyyar bugawa nan gaba, kuma ba lalle ne a ce ta riga ta tsai da ranar bugawar ba. Sashe na 22A, wanda aka ƙara a 2014, ya kare bayanin da aka samo daga binciken da ba a gama ba, muddin ana nufin buga rahotonsa, kuma fitar da bayanin da wuri zai iya cutar da aikin ko masu hannu a cikinsa. Babu manazarcin da zai ƙi hikimar wannan, domin ba wanda yake son a ɗauke masa rabin aiki a kai kasuwa kafin ya tace shi. Matsalar ita ce binciken da ake maimaitawa kowace shekara kusan kullum yana kan hanya, kuma lokacin da jama'a suka fi bukatar ganin hujja shi ne lokacin da ake shawarar doka. Takardar da ta fito bayan majalisa ta gama zama ta zama kayan masu tarihi.

Sashe na 40 ya kare bayanin da zai tona asirin mutum. Wannan ba abin jayayya ba ne ko kaɗan. Wanda ya amsa cewa ya saci kuɗin matarsa, ko ya yi tunanin kashe kansa saboda bashin caca, ya faɗa ne bisa alkawarin ba za a san shi ba, in aka karya alkawarin kuwa ba wanda zai sake faɗin gaskiya. Maganin da aka samo shi ne a cire sunaye da alamomi, a ajiye ɗanyun amsoshin a taskar bayanai ta ƙasa da ke Jami'ar Essex, inda manazarta za su ɗauka su sake lissafi da kansu. Haka aka yi da binciken 2007 da na 2010, kuma ina ganin wannan hanya ta fi rubuta wa hukuma wasiƙa amfani nesa ba kusa ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne sashe na 41 da na 43, watau bayanin da aka ba hukuma bisa amana, da wanda fitarsa za ta cutar da cinikin wani. A zamanin cacar intanet kamfani ya san kowane fare da mutum ya yi, da sa'ar da ya yi shi, da yadda yake ƙara zubi bayan an cinye shi. Ba wata takardar tambayoyi da za ta kai wannan bayani inganci, gama mutum yana mantuwa, yana kuma ragewa don kunya, amma na'ura ba ta yi. Kamfanoni suna miƙa wa hukumar wani ɓangare nasa bisa sharaɗin lasin, amma da zarar wani ya nema sai maganar sirrin ciniki ta taso. Akwai kuma sashe na 31, mai kare aikin binciken laifi da ladabtarwa, da na 36, mai kare shawarar da ma'aikata ke yi tsakaninsu don kada tsoron tonuwa ya hana su faɗin ra'ayi.

Yawancin waɗannan sassa ba hani ne na yanke ba. In ban da na 41 da mafi yawan na 40, sai hukuma ta ɗora maslahar ɓoyewa da maslahar bayyanawa a kan sikeli, in sun yi daidai ma bayyanawa ce ke rinjaye. Amma a zagayen farko mai riƙe da takardar shi ne mai riƙe da sikelin, kuma kafin kuka ya kai ga Kwamishina a yanke hukunci watanni sun shuɗe.

6.0 Takardun da Dokar ba ta Kai Gare su ba

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi takardar da ke hannun hukumar ne, ko wadda wani yake riƙe da ita a madadinta, kamar ɗan kwangilar da ta ba aikin bincike. Amma shekaru da yawa babban kason kuɗin binciken caca a Biritaniya bai bi ta hannun Gwamnati ba sam. Kamfanoni ne suka riƙa ba da gudummawa ta ganin dama, wadda aka shawarta ta zama kashi 0.1 cikin ɗari na abin da ya rage musu, mafi yawanta kuwa tana zuwa ga wata ƙungiyar agaji mai suna GambleAware, ita kuma ta raba wa masu bincike da masu jiyya. Ƙungiyar agaji ba hukumar Gwamnati ba ce, saboda haka dokar 2000 ba ta hau kanta ba. Mai son sanin yadda aka zaɓi wannan batu aka bar wancan, ko abin da ya sa aka ba wane aiki aka hana wane, ba shi da sashen dokar da zai riƙe.

Adalci ne a ce ƙungiyar ta sha nanata cewa masu ba da kuɗin ba su da baki a aikinta, kuma daga 2018 ba a ƙara samun wakilin kamfanonin caca a cikin amintattunta ba. Duk da haka zargi bai kwanta ba, domin an san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ko askin bai auku ba, wanda aka hana leƙa zauren zai ɗauka an yi. Tun a 2013 Farfesa Rebecca Cassidy da abokan aikinta na Kwalejin Goldsmiths ta Landan, bayan sun tattauna da masu binciken caca da dama, suka nuna cewa hanyar samun kuɗi da wuyar samun bayanan kamfanoni suna karkatar da bincike zuwa ga laifin ɗan caca shi kaɗai, a bar duba yadda aka ƙera injin da yadda ake tallarsa.

Akwai wata kafa ta biyu. A shekarun baya, idan kamfani ya karya sharaɗin lasin, hukumar takan yarda ya biya kuɗin sulhu maimakon tara, a kashe kuɗin a ayyukan rage illar caca, har da bincike. Kamfanin Entain ya biya fam miliyan 17 a 2022, rukunin William Hill ya biya miliyan 19.2 a 2023. Amincewar da hukumar ta yi da inda kuɗin zai tafi tana cikin takardunta, ana iya nema. Amma da zarar kuɗin ya shiga hannun wata ƙungiya mai zaman kanta, sawun ya ɓace wa mai bin sa da wannan doka.

Wannan tsari ya sake. Bayan farar takardar Gwamnati ta Afrilu 2023, an kafa haraji na dole a kan kamfanonin caca daga ran 6 ga Afrilu, 2025, daga kashi 0.1 zuwa 1.1 cikin ɗari gwargwadon irin cacar, da nufin tara kimanin fam miliyan 100 a shekara. Rabi na jiyya ne, kashi 30 na rigakafi, kashi 20 na bincike, wanda mafi yawansa zai bi ta hannun hukumar ƙasa mai raba kuɗin bincike ga jami'o'i. A 2025 ɗin ne kuma GambleAware ta ba da sanarwar za ta rufe a ƙarshen Maris na 2026. Masu sharhi sun fi mai da hankali ga yawan kuɗin, amma ga mai nazarin haƙƙin samun bayani babban abin da ya auku shi ne takardun rabon kuɗin sun tashi daga inda doka ba ta kaiwa sun koma hannun hukumomin da ake iya tambaya. Takardun shekarun baya kuwa, waɗanda aka gina dokoki da yawa a kan binciken da suka haifar, wannan canji bai jawo su ƙarƙashin dokar ba.

7.0 Waiwaye Gida

Nijeriya ma tana da irin wannan doka tun watan Mayu na 2011, wa'adinta ma ya fi na Biritaniya gajarta, gama kwana 7 ta ba hukuma ta amsa. Amma tambayar wa ke riƙe da takarda ta fi tsanani a nan. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da iko a jihohi sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai, watau kula da caca ya koma hannun kowace jiha. Ɗalibin da ke son rubuta kundi a kan yawan samarin da fare a kan ƙwallon ƙafa ya cinye wa jari, yanzu ba ƙofa guda zai ƙwanƙwasa ba. A jihar da ta ba da lasin, sai ya nemi hukumar jihar ta nuna masa abin da kamfanoni suka miƙa mata. A jihar da ta haramta caca kuwa ba mai lasin, saboda haka ba mai miƙa wa kowa rahoto, ga shi kuwa wayar da ke aljihun yaro ba ta san iyakar jiha ba. A irin wannan wuri lissafin yana cikin kwamfutar kamfani kaɗai, sai fa abin da malami da ɗalibansa suka fita suka tattaro da ƙafarsu.